Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan abinci da sutura

Hajiya, kin ce kina son ki daina sayen abin da aka cutar da mutum ko ƙasa wajen yin sa, abinci ne ko tufafi, amma kin rasa ta inda za ki fara, ga kuma tsada. Ni manomi ne a yankin Funtuwa, a gonar auduga na tashi, bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Ina saurayi ni ke goya injin feshi. Babu safar hannu, babu takunkumi, iska ta juyo maganin ya dawo fuskata. Wata rana jiri ya kayar da ni a tsakiyar kunya, aka ɗura mini nono aka ce zai karya dafin. Ba ya karyawa, asibiti ake zuwa. Ba na iya ganin riga mai arha ban tuna ranar nan ba.

Ki fara da wake, don nan matsalar ta fi kusa da tukunyarki. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu ke zubawa a buhu don kashe ƙwari. Abin da Turawa suka ƙi, mu muke ci. Alhali akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki: a shanya wake ya bushe ƙayau, a ɗaure bakin kowace leda tam, ƙwarin su mutu don rashin iska. Ki tambayi mai sayarwa yadda ya adana. Idan da hali, ki saya da kaka a hannun manomin da kika sani, ki adana da kanki.

A gonata yanzu takin dabbobi nake zubawa, feshi kuma da 'ya'yan darbejiya. A daka su, a jiƙa su kwana, a tace, a ɗan sa sabulu, a fesa da yamma. Ba zan ɓoye miki ba, aiki ne ja. Darbejiya ba ta kashe tsutsa nan take, sai an yi ta maimaitawa, kuma shekaru biyun farko amfanina ya ragu kafin ƙasar ta farfaɗo. Saboda haka idan irin wannan manomi ya ɗora ɗan abu a kan mudu, don Allah kada ki matsa masa da ciniki.

Sutura kuwa, a 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladesh, mutum sama da 1,100 suka mutu, akasarinsu mata masu ɗinka kayan da ake kai wa manyan kantunan Turai da Amurka. Mu nan masaƙun Kaduna sun daɗe da rufewa, audugarmu ta rasa mai saye na kirki, muna ta kwasar yadin waje da gwanjo.

Akwai marinar Ƙofar Mata a Kano, inda har yau ake rini da baba da toka da kanwa a cikin rijiyoyi. Amma ki tambaya kafin ki biya, domin ba kowane shuɗi ba ne na baba. Marina da yawa a gari da sinadari suke yi, su kwarara ruwan a kwata.

Abin da ya fi rage mana kashe kuɗi a gidana shi ne daina yawan yin anko. Maiɗakina ta lissafa atamfofin biki da ta sa sau ɗaya tak ta jefa a akwati, ta ce ya isa. Yanzu sai na dangi na kusa take yi, sauran bukukuwa ta sa abin da take da shi. Da rarar kuɗin ta sai mini saƙi a hannun wani tsohon masaƙi a kasuwar ƙauyenmu, bana Sallarsa ta shida a jikina, sau ɗaya tela ya taɓa gyara mini wuyan.