Daga Mosko zuwa Vladivostok ni kaɗai: me zan tanada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗaliba ce ni a Mosko, shekarata ta biyu. A hutu mai zuwa ina so in hau jirgin ƙasan da ke ratsa Saiberiya har Vladivostok, kuma ban samu abokiyar tafiya ba. Tsoro ya fara kama ni. Me zan tanada? — Ƙanwarki

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na yi tafiyar nan ni kaɗai, kuma da zan samu dama gobe zan sake. Kilomita 9,289 ce daga tashar Yaroslavsky ta Mosko zuwa Vladivostok da ke bakin teku, kwana shida da ɗoriya kina cikin tarago guda. Ki kwantar da hankalinki game da mutanen cikin jirgi. Abin da ya kusa jefa ni cikin wahala agogo ne.

Jirgin yana tsayawa a tashoshi da yawa, wasu minti biyu, wasu rabin awa. A jikin bangon kowane tarago akwai jadawali, ki ɗauki hotonsa da wayarki tun ranar farko. Tsakanin Mosko da Vladivostok akwai ratar awa bakwai, kusan kullum sai lokaci ya ƙara gaba, ita kuwa waya idan ba sabis sai ta riƙa nuna miki lokacin garin da kika baro. Haka ta faru da ni a wata tasha bayan Krasnoyarsk. Na sauka sayen burodi, na karanta layin da ba shi ba a jadawalin, ina zaton ina da minti ashirin. Ina ƙirga canji na hango mai kula da taragonmu tana ɗaga mini hannu, ƙafarta ɗaya a kan matakala. Da silifas na yi gudun nan, fasfona da kuɗina suna can ƙarƙashin matashi. Tun daga ranar ban ƙara sauka ba sai da fasfo da tikiti a jikina, kuma ba na zuwa inda idona ba ya ganin ƙofar taragona. Jirgin nan ba ya jiran kowa.

Matar nan ana kiranta provodnitsa, kowane tarago da tasa. Ita ke duba fasfo a ƙofa, ta ba ki zanin gado, ta tashe ki idan tasharki ta kusa. Ki gaishe ta da ladabi, ki sayi shayi a wurinta, ki faɗa mata ke kaɗai ce. Duk wanda ya dame ki, ita za ki fara gaya wa.

Wajen tikiti, platskart shi ne mai araha, gado 54 ba ƙofa. Kupe ɗaki ne mai gado huɗu da ƙofa, kuma ana iya zaɓar na mata zalla. Shi nake ba ki shawara, ko don ki samu sakewa ki cire mayafi ki kwanta. Ki nemi gadon ƙasa, wato mai lamba mara, irin 1 ko 3 ko 5, domin yana ɗagawa a sa jaka a ƙarƙashinsa, sai an tashe ki kafin a kai ga kayanki. Waɗannan gadajen su ke fara ƙarewa, don haka ki saya da wuri.

Abinci: a ƙarshen tarago akwai tukunyar ruwan zafi dare da rana, kyauta. Ki tafi da kofi da cokali, ganyen shayi, taliyar da ake zuba wa ruwan zafi, dafaffen ƙwai na ranakun farko, da kifin gwangwani. Ki koyi gane kalmar svinina a rubutunsu, naman alade ke nan, yana yawan shiga tsiran leda. Maƙwabtanki za su miƙo miki abinci, al'adarsu ce, ki karɓi abin da ya halatta, ke ma ki miƙa naki. Kuɗi kuwa ki riƙe rubul a hannu, ƙananan takardu, tunda katin Visa da Mastercard na ƙasashen waje sun daina aiki a Rasha tun 2022.

Sallah ta fi komai sa ni tunani kafin in tashi. Ki tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kina gida, ki tafi da ƙaramar gora ta alwala, ki riƙa duba rana ta taga saboda lokutan suna gudu. A tsofaffin taragogi ana kulle bayan gida kusa da manyan tashoshi, sai ki riga su.

Idan aljihunki zai ɗauka, ki yada zango a Irkutsk kwana biyu, ki je Listvyanka, kimanin kilomita 70, ki ga tafkin Baikal da ƙafarki a ƙasa, ki yi wanka mai kyau. Sai dai kowane zango tikitinsa daban, ki saye su tare. Ki tura wa mahaifiyarki lambar jirgi da ta tarago, ki kuma gaya mata akwai wuraren da za ki yi awowi ba sabis, kada ta kira ta ji shiru hankalinta ya tashi.