Keken hanyar ƙasa: amsoshin tambayoyinku daga Damagaram

Wasiƙun da suka zo a wannan karon sun fi karkata ga keke, musamman irin wanda ake fita da shi bayan gari domin motsa jiki da shan iska, saboda haka na zaɓi guda huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Zango. Ina yawan ganin Turawa a intanet suna tuƙa wani keke mai lanƙwasasshen kai a kan hanyoyin tsakuwa da ke bin gefen koguna da magudanan ruwa. Ƙanena da ke aiki a Faransa ya ce zai aiko mini da irinsa, ko kuma ya turo kuɗin in sayi wanda nake so. Burina in riƙa fita ranakun hutu zuwa lambunan Mirya da fadamun da ke kewaye. Wanne zan karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu zo ga keken, yana da kyau mu dubi hanyar da aka ƙera shi dominta. Yawancin waɗannan hanyoyi na bakin magudanai a Turai an yi su ne tun zamanin da dawaki ke jan jiragen ruwa da igiya, dabbar tana tafiya a gaɓa jirgin yana binta a cikin ruwa, shi ya sa suke shimfiɗaɗɗu, babu hawa babu gangara, kuma ƙasarsu ta daddale tsawon ɗaruruwan shekaru. A kan irin wannan ƙasa taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 tana gudu ba wahala, kuma irinta ce ake yawan ɗaura wa keken da ka gani.

Mu kuma a nan ba mu da kogin da ke gudu shekara duka, sai koramu da tafkuna da fadamu, kuma wanda ya bar kwaltar da ta tafi Mirya, wadda ba ta kai kilomita 20 ba daga gari, zai tarar da ƙasa iri uku cikin tafiya ɗaya. Akwai jar hanyar marmara wadda manyan motoci suka yi wa ƙunya-ƙunya, akwai laka ta bakin fadama wadda ke bushewa ta yi tauri da rani, sawun shanu a kafe a cikinta, sannan akwai rairayi, wanda shi ne ke yanke hukunci. A kan biyun farko keken ƙanenka zai yi maka daɗi ƙwarai, domin ba shi da nauyi, kuma kan nasa yana ba mutum damar sauya riƙo idan tafiya ta yi nisa. Amma da zarar siririyar taya ta faɗa turɓaya mai zurfi sai ta nutse, ƙafar gaba ta riƙa kaucewa, mahayi ya sauka yana turi, alhali yaron da ya ɗauko buhun rogo a kan tsohon keke mai kaurin taya ya wuce shi.

Saboda haka ka yi wa ƙanenka tambaya ɗaya: taya mai faɗin nawa gangar keken ke iya ɗauka? Idan tana ɗaukar milimita 45 zuwa 50, ka karɓa, amma ka roƙe shi ya haɗo da tayoyi biyu da tiyub da robar birki na ajiya, kuma ya zaɓi mai birkin waya, domin birkin da ke aiki da mai idan ya yi yoyo ba kowane mai gyara ba ne yake da kayan aikinsa. Ka kuma duba lambar da ke jikin tayar. Idan ka ga 622, to ka sani ba daidai take da ta tsohon kekenmu na gargajiya ba, wanda tasa 635 ce, ko da yake duka biyun ana kiransu inci 28, kuma ɗaya ba ta shiga wilin ɗaya. Idan kuwa gangar ba ta wuce milimita 40 ba, ni a ganina ka karɓi kuɗin, ka nemi keken dutse mai taya inci 26, wanda lambarsa 559, domin faɗin tayarsa yakan kai milimita 50 ko fiye, kuma kayansa sun fi samuwa a kasuwanninmu da na Kano.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, na tara jaka sittin. Na ga sabon keke mai sheƙi, da sifirin gaba da baya, na kuma ga na hannu wanda fentinsa ya koɗe, kuɗinsu kusan ɗaya. Abokaina sun ce in ɗauki sabo.

Amsa: Ɗana, ba zan goyi bayan abokanka ba. Sifirin mai kyau abu ne mai tsada, saboda haka idan ka ga keke mai araha ɗauke da shi gaba da baya, to an rage ingancin wani wuri ne domin a saka shi, kuma galibi ƙarfe ne mai nauyi da ke shanye ƙarfin ƙafarka duk lokacin da ka taka feda. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu ba ka buƙatarsa, domin taya mai faɗi wadda ba a cika mata iska fiye da kima ba ta isa ta tausasa girgizar hanya. Na hannun ya fi, muddin ka bincike shi da idonka da hannunka a gaban mai shi.

Ka fara da gangar jiki, ka bi duk inda aka yi walda da yatsa, musamman ƙarƙashin wuyan keken da wurin da feda ke shiga, ka nemi tsaga ko wurin da fenti ya kumbura. Idan ta baƙin ƙarfe ce kuma tsagar ƙarama ce, mai walda na unguwa zai iya ɗinke ta, amma ta alminiyam idan ta tsage ka haƙura da keken, kuma maganaɗisu zai nuna maka bambancinsu domin ba ya kama alminiyam. Daga nan ka ɗaga kowace ƙafa ka juya ta kana kallon gefen wili a kusa da robar birki, idan yana matsowa yana ja da baya to ya karkace, sai ka taɓa sifoka ɗaya bayan ɗaya ka ji ko akwai waɗanda suka saki. Ka riƙe tayar ka girgiza ta hagu da dama, in ka ji ƙwas-ƙwas boris ya ci. Sarƙa kuma tana da awo: daga wata ƙusa zuwa ta 24 bayanta inci 12 ne cif a sabuwar sarƙa, wato santimita 30 da rabi, idan ta zarce da milimita 3 ta gama aiki, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran giyar baya. Duk abin da ka gano ka sa shi cikin ciniki, kuma kada ka kashe jaka sittin ɗin duka, ka rage abin sayen famfo da fitila da makulli. Kada ka manta ka karɓi takardar ciniki a gaban shaida, domin keken sata yana yawo a kowace kasuwa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ƙaya ta ishe ni. Kusan duk fitar da na yi zuwa gona sai na biya wajen mai faci. An ce akwai tayar da ba ta da tiyub, wadda ake zuba wa wani farin ruwa da ke toshe huji da kansa. Ta cancanci kuɗinta?

Amsa: Gaskiya ne akwai ta, kuma ga ƙananan huji irin na tsidau da ƙarangiya tana aiki sosai, domin ruwan roba ne da ke daskarewa a bakin hujin tun iska ba ta fita da yawa ba. Sai dai tana da sharuɗɗa. Dole wili da tayar su zama waɗanda aka yi domin haka, sannan ruwan yana bushewa a cikin tayar bayan ƴan watanni ko da a ƙasashe masu sanyi, balle a nan da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Wanda ba shi da mai kawo masa ruwan a kai a kai zai wayi gari da busasshiyar taya wadda mai faci bai saba da ita ba.

Abin da na fi ba manomi shawara a kai ya fi wannan sauƙi. Ka sami tsohuwar taya, a yanke mata gefunan da ke da waya, a shimfiɗa tsakiyarta tsakanin sabuwar tayar da tiyub, a kuma goge bakin yankan ya yi santsi don kada shi kansa ya ci tiyub ɗin. Keken zai ƙara ɗan nauyi, amma tsidau ba zai kai ciki ba, sai dai doguwar ƙaya irin ta aduwa. Yawancin facin da ke maimaituwa kuma daga ƙayar da aka bari a jikin taya yake, saboda haka duk lokacin da aka buɗe ta ka sa a bi cikinta da tsumma, inda tsumman ya maƙale nan ƙayar take. Game da iska, masu faci sun saba cikawa har tayar ta yi tauri kamar dutse, wannan kuwa na kwalta ne da dakon kaya. A rairayi ka rage kaɗan yadda babban yatsa zai ɗan lotsa ta, amma kada ta yi laushin da wili zai riƙa dukan ƙasa, domin a nan tiyub ke samun huji biyu a jere.

Tun da ka ambaci gona, zan ƙara abu ɗaya ga duk mai bin bakin tafki ko magudanar noman rani, a Gidimuni ne ko a Jiratawa ta wajen Maraɗi. Kada gumi ya sa ka shiga ruwan da ke kwance domin wanka ko wanke keke, saboda ƙwayar tsargiya tana fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fatar mutum ba tare da ya sha ruwan ba. Ka ɗauki ruwanka daga gida, ka fita da asuba, kuma mafi daɗin lokaci shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Tambaya: Ɗiyata tana karatu a birnin Tuluz na Faransa, ta ce ita da ƙawayenta za su bi wata magudanar ruwa da keke a lokacin hutu, tana neman kuɗin sayen keke. In tura mata?

Amsa: Hajiya, da alama Canal du Midi take nufi, wadda ta tashi daga Tuluz ta nufi tekun Bahar Rum, tsawonta kilomita 240, an buɗe ta a 1681, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1996. Kilomitocin farko daga Tuluz shimfiɗaɗɗu ne masu santsi, kowane keke zai bi su, amma can gaba akwai wuraren da hanyar ta koma ƙasa da saiwoyin itatuwa, tana kuma yin laka bayan ruwan sama. Idan tafiyar kwana uku ce ko huɗu, haya ta fi saye, domin akwai masu ba da hayar keke a garuruwan da ke bakin magudanar, kuma sun san irin tayar da hanyar ke so. Idan kuma za ta ci gaba da zuwa makaranta da shi, ta nemi na hannu mai miƙaƙƙen kai da kariyar ɗaukar jaka, ki kuma ƙara mata kuɗin hular kwano da makulli mai ƙarfi.