Me Ya Sa Gundumomin Karkarar Amurka Suke da Miƙaƙƙun Iyakoki?

Tambaya: Malam, na duba taswirar wata ƙaramar hukuma a karkarar jihar Iowa ta Amurka, sai na ga gundumominta a jere, kusan duk girmansu ɗaya. Mene ne asalin wannan tsari?

Amsa: Asalinsa dokar filaye ce da majalisar Amurka ta zartar a 1785, lokacin da gwamnati ke fama da bashin yaƙin neman 'yanci, tana bukatar sayar da filayen yamma. Dokar ta ce a auna ƙasa kafin a sayar, a yanka ta gunduma-gunduma, kowacce mil shida tsawo, mil shida faɗi, sannan a raba ta kashi 36, kowane kashi eka 640. An fara awon a gabashin Ohio ƙarƙashin Thomas Hutchins, babban jami'in awon ƙasa na gwamnati a lokacin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ware kashi na 16 a kowace gunduma domin tallafa wa makarantu, tun kafin manoma su iso. Daga baya wata doka ta 1862 ta ba mai son noma eka 160, wato rubu'in kashi ɗaya, shi ya sa hanyoyin karkara da gonaki suke bin waɗannan layuka har yau, sai inda kogi ya tilasta iyaka ta karkace.

Ya kamata kuma a tuna cewa ƙasar da aka auna ba kango ba ce, domin 'yan asalin nahiyar ne ke zaune a cikinta, kuma an raba su da ita ta hanyar yaƙi da yarjejeniyoyin da aka tilasta musu.