Daga Landan zuwa Berlin a jirgin ƙasa: wai da gaske ba a tambayar biza?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Landan, fasfo ɗina na Najeriya ne, ina da izinin zama da aiki na Birtaniya. Matar yayana ta haihu a Berlin, ina so in je barka a hutun da zan samu nan da wata biyu. Jirgin sama tsoro yake ba ni, shi ya sa na yanke shawarar bin jirgin ƙasa. Wani mai harkar tafiye-tafiye da aka haɗa ni da shi ya ce kada in wahalar da kaina da neman bizar Shengen, wai a jirgin ƙasa tikiti kawai ake dubawa. Ya ce in ma na nace sai biza, zai samo mini ta wata ƙasa da ba a dogon layi, shi zai haɗa takardar otal. Na riga na ba shi kafin alƙalami, amma tun ranar hankalina ya ƙi kwanciya. Tsorona kada in jawo wa kaina abin da zai taɓa aikina. Don Allah yaya hanyar take, kuma gaskiya ya faɗa mini?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya. Kafin komai, kada ki ƙara wa mutumin nan ko sisi, in kuma fasfonki yana hannunsa ki karɓo shi yau, kada ya kwana.

Hanyar ba ta da wuya. Za ki hau jirgin ƙasan Eurostar a tashar St Pancras ta Landan, ya bi ta ramin ƙarƙashin teku, cikin awa biyu ko ɗan fiye ki sauka a tashar Brussels-Midi da ke Brussels, babban birnin Beljiyam. Daga nan jirgin ICE, wato jirgin ƙasa mai gudu na Jamus, zai kai ki birnin Kolon (Köln) na Jamus, ta Liège da Aachen, ƙasa da awa biyu. Sai ki sake wani ICE ɗin zuwa babbar tashar Berlin, awa huɗu da rabi ko kusa da haka. In kika fita da safe, da yardar Allah a gidan yayanki za ki yi isha'i. Ki tuna agogonsu ya riga na Landan da awa ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, domin kusan kullum sai an zo mini da ita: wai jirgin ƙasa ba ruwansa da biza. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma masu yaɗa ta sun san ƙarya ce. Birtaniya ba ta taɓa shiga yankin Shengen ba, wato rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna kuma biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu, ko a lokacin da take cikin Tarayyar Turai. Izinin zamanki na Birtaniya a Birtaniya ya tsaya, bai buɗe miki ƙofar Faransa ko Beljiyam ko Jamus ba. Iyakar kuma ba a can gaba take ba, a cikin tashar St Pancras take. Bayan kin ɗora tikitinki a na'ura ƙofa ta buɗe, kin tura jakunkunanki ta injin bincike, taku kaɗan za ki tarar da 'yan sandan iyaka na Faransa zaune a rumfarsu ta gilashi, a tsakiyar Landan, bisa yarjejeniyar da ƙasashen suka ƙulla. Jami'i zai buɗe fasfonki yana neman shafin biza. In babu, ko dandalin hawa jirgi ba za ki taka ba. Kuɗin tikiti ya tafi, ga kuma jami'an gwamnati sun ga fuskarki a matsayin wadda ta nemi shiga ba izini. Tun 12 ga Oktoba 2025 ma Tarayyar Turai ta fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu na baƙi a iyakokinta, maimakon hatimi kaɗai.

Daga ina jita-jitar ta samo asali? Daga waɗanda suka hau jirgi tsakanin Paris da Brussels, ko Brussels da Amsterdam, ba wanda ya ce musu uffan, suka dawo suna ba da labari a majalisa kamar sun gano wata ɓoyayyiyar hanya. Waɗannan ai suna cikin Shengen ne tun farko. Ko wannan ɗin ma ya sauya a Jamus. Tun 16 ga Satumba 2024 ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, har da na Beljiyam. 'Yan sandan tarayya sukan hau jirgi a wajen Aachen su bi tarago-tarago suna neman takardu, kuma mu da muke yawan bin hanyoyin nan mun san baƙar fata ba ta cika tsallake idonsu ba. Shiga Jamus ba biza laifi ne a dokarsu, hukuncinsa tara ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya. Mutumin da ya karɓi kuɗinki yana ɗakinsa lokacin da za a sauke ki a tasha da kayan jariri a hannu, wayarsa kuma a kashe za ki same ta.

Tayinsa na biyu ya fi na farko haɗari, don ya yi kama da halal. Dokar Shengen a fili take: ana neman biza a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, ko wadda ita ce ainihin dalilin tafiyar. Taki Jamus ce, ko da yake ta Faransa da Beljiyam za ki ratsa. In kika karɓi bizar wata ƙasa da takardar otal ɗin da ba za ki kwana ba, kin yi ƙarya a takardar gwamnati da sa hannunki, ba nasa ba. Jami'in iyaka yana da ikon tambayarki inda za ki, ya ga tikitinki Berlin ya nufa, ya soke bizar nan take. Bayanin neman biza da na hanawa yana zama a rumbun bayanan ƙasashen Shengen har shekara 5, kowane ofishin jakadancinsu yana gani. Abin da ya kamata ya fi tsayar da ke kuma, fom ɗin neman izinin Birtaniya yana tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana ki biza ko ta mayar da ke daga iyaka. Ki ce e, sai dogon bayani. Ki ce a'a, kin ƙara ƙarya a kan ƙarya. Kin sha wahalar jarrabawa da aikin dare kafin ki kai inda kike, ina dalilin miƙa wannan duka ga wanda ko cikakken adireshin ofishinsa ba ki sani ba? Abin yana ƙona mini rai, domin 'yan'uwanmu ne suke cutar 'yan'uwansu da harshenmu, suna rantsuwa da Allah a kai.

Ban ce neman bizar yana da daɗi ba. Samun ranar ganawa a Landan kan zama jidali, musamman gab da bazara da hutun ƙarshen shekara, kuma wannan jinkirin nasu ne yake tura mutane hannun 'yan damfara. Amma wata biyu zai iya isa in kika fara a makon nan. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 tafiya, kada kuma ya gaza kwana 15. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, ban da ladan kamfanin da ofishin jakadancin ya wakilta wajen karɓar takardu. Kina buƙatar inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, fasfo mai sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ki fito, wasiƙar wurin aiki, bayanan asusun banki, da takardar gayyata daga yayanki. Ki kuma tabbata izininki na Birtaniya, wanda yanzu yake a intanet, yana haɗe da fasfon da ke hannunki, domin a dawowa jami'an Birtaniya a tashar Brussels za su tare ki, ba a Landan ba.

Game da tikiti, kada ki sayi mai arha wanda ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Ki saya da kanki a shafin Eurostar da na Deutsche Bahn, kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, ba ta hannun kowa ba. Ki isa St Pancras da awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin tashi, don ana rufe ƙofa saura minti 30. Ki bar wa kanki sarari mai kyau a Brussels, kamar awa guda, ki kuma sayi Brussels zuwa Berlin a tikiti ɗaya. Sunan da Jamusawa suka yi na kiyaye lokaci bai shafi jiragensu na yanzu ba: a 2024 kusan huɗu cikin goma na jiragensu masu dogon zango sun yi latti. In tikitinki ɗaya ne kuma lattinsu ya sa kika rasa jirgin Berlin a Kolon, za ki hau na gaba ba ƙarin kuɗi, in kuma kika isa Berlin da lattin awa ɗaya kina da haƙƙin a mayar miki da kashi 25 cikin 100 na kuɗin, awa biyu kuwa rabi. A dawowa ki ninka sararin nan, saboda Eurostar kujera ce ƙidayayya kuma akwai layin fasfo.

Kaya ba a auna nauyinsu a Eurostar, manyan jakunkuna biyu da ƙaramar ta hannu, amma ke za ki ɗaga abinki a kowace tasha, don haka ki yi daidai ƙarfinki. Na san kuma ba za ki je wa mai jego hannu rabbana ba. Tun Janairun 2021 an hana matafiyi shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga Birtaniya, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu su zauna a Landan. Ki kai mata turaren wuta da atamfa da kayan jariri, naman kauri kuwa yayanki ya saya a shagunan halal na can, suna nan birjik a unguwannin Neukölln da Wedding.