Tambaya da Amsa: Tsutsa na cinye furen wake

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gonar wake a hanyar Zango, kusa da Daura. Wake ya yi kyau, amma tun da ya fara fure furen ke ta kakkaɓewa. In na buɗe wanda ya faɗi sai in tarar da 'yar tsutsa fara mai ɗigo-ɗigon baƙi. Na yi feshi sau biyu da rana tsaka, ba ta daina ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan ita ce tsutsar da malaman gona ke kira Maruka, kuma in ta samu sarari tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Uwarta wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, yana saka ƙwai a kan tohon fure. Cikin kwana uku ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shige cikin fure, ta ɗinke shi da ganye ko kwanso da zare irin na gizo-gizo. Duba inda kwanso biyu suka haɗu, za ka ga rami da tarin kashinta a baki.

Abin da ya kashe maka feshi shi ne lokaci. Da rana tana ɓoye a ciki, magani ba ya kai mata. Da dare take fita ta sauya fure, don haka a yi feshi bayan la'asar sakaliya, iska ta kwanta, ƙudan zuma ma sun koma. Na biyu, ba a jira sai fure ya fara zuba. Feshin farko kwana 30 zuwa 35 bayan shuka ne, da zarar toho ya fito, na biyu bayan kwana 10, na uku in kwanso ya fara, bayan wasu kwana 10. Tsakanin nan, duk kwana uku ka tsinki fure 20 daga sassan gonar ka buɗe da farce. In ƙananan baƙaƙen ƙwari sirara ka ga suna gudu a ciki, wani ƙwaron ne daban, shi ma yana zubar da fure.

A shagon magani ka nemi mai ɗauke da emamectin benzoate ko lambda-cyhalothrin, mai lambar NAFDAC. Ka auna yadda aka rubuta a jikin kwalba, kada ka ninka, kuma kada ka yi ta maimaita iri ɗaya, tsutsar kan saba da shi. Ka karkata bakin famfo ya shiga ƙarƙashin ganye inda furen yake. Ka rufe hanci, ka sa safar hannu. Kwanakin jira da ke jikin kwalba kafin girbi sun shafi harawa ma, tunda dabbobi za su ci.

Tambaya: Kuɗin magani ya fi ƙarfina. Ko 'ya'yan bedi za su yi?

Amsa: Za su yi, Hajiya, in tsutsar tana ƙarama. Ki ɓare busassun 'ya'yan, ki daka rabin kilo na ƙwayar, ki jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe ki tace da ƙyalle mai laushi har sau biyu, don tuƙa na toshe bakin famfo. Ki narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye, ki fesa da yammar ranar. Bedi ba ya kashewa nan take, hana ta ci yake yi, kuma rana na rage masa ƙarfi, saboda haka sai an maimaita duk mako, da kuma bayan ruwan sama.

Don baɗi, muna ba ku shawara ku nemi irin SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019. Shi Maruka ba ta iya cin sa. Amma ba ya tare ƙwarin da ke tsotse kwanso, don haka feshi biyu yana nan, kuma a sayi irin a hannun dillalin da aka sani, ba a mudun kasuwa ba.