Rediyon intanet mai zaɓo maka waƙa, wai ya san kunnenka?

TAMBAYA: Salamu alaikum Yaya, dan Allah ina da tambaya. Wani abokina a fadarmu ya saka min wani aplikasiyo a waya wai rediyo ne na intanet, ka rubuta sunan mawaƙi guda shi kuma yayi ta kawo maka masu kama da shi. Na rubuta Shata ya kawo biyu uku masu daɗi, daga nan sai ya zarce da kiɗan Legas, ni kuma kalangu da gurmi nake so. Wai yaya abin yake aiki ne, kuma wanda ake ce ma Pandora ya fi? Ga megana sai ƙarewa suke. Daga mai karatunku a Garin Malam, Zinder.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Pandora dai cire shi a ranka, a Amurka kaɗai yake aiki, tun 2007 suka rufe ma yawancin ƙasashen waje ƙofa saboda maganar haƙƙin mallakar waƙoƙi. Amma dabararsu abin sani ce, tun shekarar 2000 suka zaunar da masana kiɗa suna sauraren waƙa ɗaya bayan ɗaya suna rubuta siffofinta, muryar namiji ce ko ta mace, kiɗan da sauri ko a hankali, wane kayan kiɗa ne a gaba, siffofi har wajen 450, to in ka ce kana son wance sai injin ya laluɓo wadda siffofinsu suka zo ɗaya.

Irin su Spotify kuwa, wanda ya shigo Nijar a 2021, sun fi dogara da jama'a. Injin yana duba waɗanda suka saurari abin da ka saurara, me kuma suka ji bayansa, sai ya miƙo maka. To nan gizo ke saƙa. Masu jin Shata a can ba su taka kara sun karya ba in ka gwada su da masu jin kiɗan Legas, kuma da yawansu yaran da ke jin duka biyun ne, shi ya sa yana gama ɗan abin da ya sani sai ya jefa ka inda taron yake. Ba raini bane, iya saninsa kenan.

Gyaran yana hannunka amma sai kayi haƙuri. Wadda ta maka daɗi danna mata alamar so ka barta ta kai ƙarshe, wadda ba ka so tsallake ta tun da wuri, kar ka bar wayar tana ta kiɗa a kan tabarma kai kana can kana fifita gawayin shayi, duk abin da ya wuce shi a ganinsa so kake. Kuma dan Allah daina ba kowa wayar a fada ya saka nasa, in ba haka ba gobe ka tarar da waƙar Indiya. Sunan ma ka gwada rubutu iri iri, Mamman, Maman, Mamane, dan masu ɗora waƙoƙin kowa da yadda yake rubutawa. Leƙa Audiomack da Boomplay ma, akwai mawaƙan Hausa na yanzu da yawa can.

Maganar mega, shiga wajen saiti ka rage ingancin sauti. A Spotify matsakaici yana cin kusan mega 43 a awa, mafi ƙanƙanta kusan 11, kuma a ɗan lasifikar waya wlh da kyar zaka ji bambanci.

Su Ma'azu Ɗan Alalo da sauran makaɗan fadar Damagaram kuwa, ni dai ba zan aike ka wajen inji ba. Ɗauki kart memwar ɗinka ka nufi masu tura waƙa a kasuwar Dole, ka nemi wanda ya ɗan manyanta a cikinsu.