Zauren Tambaya: Mu bi shi Abuja ko mu zauna Kano?

Salam Anti, an yi wa maigidana tiransifa zuwa Abuja, albashin ya ɗan ƙaru amma yaranmu huɗu, a nan Kano gidan gado muke ba ma biyan haya. Mu bi shi ne?
Wata uwargida daga Kurna

Wa'alaikissalam ƙanwata. Gaskiya ki fara zama da shi ku yi lissafin haya tukuna, don a Abuja kuɗin shekara ake direwa gaba ɗaya, ga na ejan ga na lauya, shi ya sa ƙananan ma'aikata da yawa suke komawa Mararaba ko Suleja, to can kuma kuɗin mota ne zai cinye abin da aka rage, tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ba sauƙi, mutum ya fita da asuba ya dawo bayan isha'i saboda go-slow, irin na Nyanya a hanyar Mararaba. Ga mai ruwa da kurarsa kullum sai an biya.

Ni dai da ni ce, ya fara tafiya shi kaɗai wata shida ya ga yanayin garin. In kun tashi tafiya, ki sa a auno miki masara da wake a Dawanau da kaka, ki haɗa da kuka da daddawarki, wallahi za ki gode min.